Tambayi Likita: Na Samu Kashi 82 a Waya, Na Isa Shiga Jarrabawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Likita. Ya zafi, ya haƙuri da mu? Ni ɗiyarka ce daga Mabera. Na gama karatun likitanci a wata jami'a a Masar, na dawo gida ina shirin jarrabawar tantancewa ta MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisin aiki a Najeriya. Na sayi rumbun tambayoyin gwaji a waya, tambaya wajen dubu biyu. A zagayen farko na tashi da kashi 58 cikin 100, da na sake bi na samu 82. Ƙawata da muke karatu tare ta ce duk wanda ya haura 75 ya riga ya ci, kuɗin mota kawai zai nema. Amma wata yayarmu ta kai 85 a irin rumbun, jarrabawar kuma ta kayar da ita. Baba, wace lamba zan yarda da ita? Wallahi barci ya gagare ni.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata. Zafi sai godiya, Allah ya kawo damina lafiya.

Cikin lambobin nan biyu, 58 ce ta fi kusa da gaskiya. Ita 82 ki ajiye ta gefe, kada ki kafa lissafin komai a kanta.

Tuna yadda zagaye na biyun ya kasance. Kina kwance bayan isha'i, waya a hannu, tambaya ta buɗe: yarinya 'yar shekara 19, cikin fari, wata tara, an kawo ta tana jijjiga, awon jininta 170 bisa 110. Idonki bai kai layi na uku ba zuciyarki ta ce, "Af, wagga ce ta kayar da ni watan jiya, amsa ta uku ce." Kika danna, allo ya yi kore. Manhajar ta rubuta miki maki cikakke, daidai da na wadda ta karanta har ƙarshe, ta auna ko farfaɗiya ce, ko zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai, ko jijjigar masu ciki ce, sannan ta zaɓa. Manhaja ba ta da idon da za ta rarrabe ku. Abin da ta auna a wurinki shi ne kin tuna tambayar, ita kuwa hukuma ba za ta kawo miki wannan tambayar da wannan jerin amsoshin ba. Za ta iya mai da yarinyar 'yar shekara 34 mai haihuwa biyar, ta ce an riga an ba ta maganin, yanzu numfashinta ya ja baya kuma gwiwa ba ta harbawa in an buga, me za ki yi? Ilimin ɗaya ne, amma wadda ta haddace "amsa ta uku" ta tsaya nan.

Mu Sakkwatawa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a nan aka faro ta a 1986, ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Alƙalin musabaƙa ba ya ce wa yaro ya ɗauko daga farkon surar da ya biya daren jiya. Daga tsakiya yake jawo masa aya, inda bai zata ba, sau da yawa a wuraren da ayoyi ke kama da juna, don a ga ko zai zarce cikin wata sura. Gwajin da zai gaya miki matsayinki sai ya zo miki ta haka.

Ita ma 58 ɗin ba tsarkakakkiya ba ce, kuma ba ki gaya mini yadda kika same ta ba. Akwai abubuwan da ke kumbura ta. In kin saita manhajar ta riƙa nuna amsa da bayani bayan kowace tambaya, to tambaya ta 6 tana koya miki amsar ta 23. In kuma fanni-fanni kike bi, yau mata da haihuwa, gobe yara, to kafin ki karanta kin san jijjigar nan ta ciki ce, tunda babin da kike ciki ke nan. Rabin aikin likita shi ne gane ko wane babi ne mara lafiya ya faɗo, ke kuwa an yi miki wannan rabin kyauta. Ga rashin agogo, ga littafi a buɗe kusa da matashin kai. Akwai kuma abin da ke danne ta: lambar jimilla ce ta watanni, ta haɗa makonnin farko da kike lalube da na ƙarshe da hannunki ya faɗa. Mai yiwuwa kin fara da 45 kin ƙare da 68, manhaja ta cakuɗa ta ba ki 58. Ki koma cikin tarihin manhajar ki duba sababbin tambayoyi 300 na ƙarshe da kika amsa a zagayen farko. Wannan ta fi jimillar faɗin gaskiya.

Yanzu bari mu yi ɗan lissafi, don na lura 'ya'yanmu suna hawa da sauka da sakamakon tambaya 40 kamar an yi musu wahayi. A ce hakikanin ƙarfinki kashi 60 ne, ba ya gaba ba ya baya. In aka ɗebo miki tambaya 40, abin da ake sa rai ki ci 24. Amma sa'ar ɗiba kaɗai, wato ko an dace da abin da kika sani ko ba a dace ba, tana iya kai ki ko'ina tsakanin 18 da 30. Wato yau 45, gobe 75, ke kuwa ke ce, ba abin da ya ƙaru ko ya ragu a kanki. In tambayoyin suka kai 200, tazarar ta tsuke zuwa tsakanin 53 da 67. In suka kai 1,000, sai ta dawo tsakanin 57 da 63. Wannan ba ra'ayina ba ne, lissafin ƙididdiga ne da kuka yi a darasin lafiyar al'umma, wanda na san yawancinku kun haddace don a wuce wurin. Ki ƙara da cewa in amsoshi biyar ne, mai canki-canka ido rufe ma yana samun ɗaya cikin biyar. Saboda haka sakamakon zama ɗaya bai isa ya hana ki barci ba, bai kuma isa ya sa ki rufe littafi ba.

Sai babbar maganar, wadda nake zaton ita ce ta ci yayarku: su wa suka rubuta rumbun, kuma don wace jarrabawa? Da yawa daga cikin tambayoyin da ke yawo a wayoyin ɗalibanmu an kwaso su ne daga na Amurka da Ingila. Ba laifi ba ne, jikin ɗan Adam ɗaya ne. Amma kowace hukuma tana tambayar abin da ke kashe mutanenta ne. Rumbun Amurka zai cika ki da cutar Lyme da kaska ke yaɗawa a can, da cututtukan gado da za ki iya yin shekaru a nan ba ki ga ɗaya ba. Malaman da ke gwada likitan da zai yi aiki a Najeriya kuwa, abin da suke gani a ɗakin gaggawa kullum shi ne a ransu: zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, sikila, sanƙarau, ƙyanda, tamowa, tarin fuka, zazzaɓin Lassa, doguwar naƙuda da yoyon fitsarin da take bari, zubar jini bayan haihuwa. Har cutar noma mai cin naman fuskar yara, wadda muke da asibiti sukutum dominta a garin nan, kuma sai a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Ko a cuta ɗaya, hannu ya bambanta. Koma kan yarinyar nan mai jijjiga. Littafin Amurka zai ce a ba ta magnesium sulphate ta jijiya, sannan a ci gaba da ɗiga mata shi awa-awa da na'ura. A yawancin asibitocinmu tsarin Pritchard ake bi: giram 4 ta jijiya, giram 5 a kowane ɗuwawu, jimilla 14, sannan giram 5 duk bayan awa huɗu, ana duba numfashi da fitsari da harbawar gwiwa kafin kowace allura, da calcium gluconate, mai karya ƙarfin maganin in ya yi yawa, a ajiye kusa. Likitocin mata na asibitin koyarwa na nan Sakkwato ma sun taɓa gwada tsayawa kan giram 14 na farkon kaɗai, suka wallafa a 2009, har ake kiran abin da tsarin Sakkwato. Haka zazzaɓin cizon sauro mai tsanani: artesunate ta jijiya, miligiram 2.4 ga kowane kilo, a take, da bayan awa 12, da bayan awa 24, yaron da bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3. Wadda ta ci 85 a tambayoyin da ba su taɓo waɗannan ba, 85 ɗinta ta wata jarrabawa ce. Hatta sunan magani da ma'auni: can acetaminophen da albuterol, nan paracetamol da salbutamol, can sukari da mg/dL, nan sau da yawa da mmol/L.

Maganar ƙawarki ta "75 an ci", ki tambaye ta daga ina ta samo. Na san amsar: daga bakin waɗanda suka ci. Wanda ya ci shi ke shiga zauren WhatsApp ya ce, "Na samu 78 a rumbu kaza, alhamdu lillahi na haye." Wanda ya samu 78 ya faɗi, shiru yake yi, wani ma ficewa yake daga zauren. Sai a wayi gari duk shaidun da ke hannu na masu nasara ne, a ɗauka doka ce. Mai sayar da rumbu kuma ɗan kasuwa ne. In ya ce lambarsa tana hasashen sakamako, a tambaye shi da sakamakon mutum nawa ya gwada, kuma ko ya lissafa da waɗanda suka faɗi.

Kada ki fahimce ni da cewa kuɗinki sun tafi a banza. Ko kusa. Rumbun tambayoyi kayan koyo ne mai ƙarfi, ya ma fi ƙarfi a koyarwa a kan hasashe. A 2006 wasu masana biyu na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai wani gajeren rubutu. Rukuni ɗaya ya yi zama huɗu yana karantawa, ɗayan ya yi zama ɗaya na karatu, sauran ukun aka sa shi ya rubuto abin da ya tuna. Da aka gwada bayan minti biyar, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda sai abin ya juye: masu gwada kansu sun riƙe kashi 61, masu maimaitawa 40. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne masu maimaitawar ne suka fi amincewa da kansu cewa za su tuna. Ga 82 ɗinki nan. A 2015 kuma, a makarantar likitanci ta jami'ar, an bi ɗalibai 72 masu shirin matakin farko na jarrabawar lasisin Amurka, aka ga cewa duk ƙarin tambaya 445 da ɗalibi ya amsa yana tafiya da ƙarin maki ɗaya a jarrabawar. Ɗalibai kaɗan ne, makaranta ɗaya ce, amma ki lura da abin da aka ƙirga: yawan tambayoyin da mutum ya yi gumi a kansu. Kuma ki ga yadda makin yake da tsada.

To ga abin da za ki yi. Nemo tambayoyin da idonki bai taɓa gani ba, aƙalla 200, a cakuɗe, waɗanda suka dace da cututtukanmu. Ki zauna kan kujera da tebur, da hantsi, lokacin da ake jarrabawa, ba tsakar dare da gari ya yi sanyi ba. A kan kwamfuta in da hali. Minti ɗaya ga kowace tambaya, littafi a rufe, waya a hannun ƙanwarki. Ki ajiye takarda a gefe, kowace tambaya ki sa mata alama ɗaya cikin uku: na tabbata, ina waswasi tsakanin biyu, ko canka na yi. Bayan kin gama ki dubi waɗanda kika ci. In cikin 40 kin ci 28, manhaja za ta ce 70. Takardarki kuwa tana iya nuna cewa 19 ne kika tabbata, 5 waswasi, 4 canka. Tara ɗin nan ki bi bayaninsu kamar kin faɗi. Sannan ki nemo waɗanda kika sa wa "na tabbata" amma kika faɗi. Su ne mafi haɗari, don irinsu ne za ki rubuta wa mara lafiya magani a kansu ba tare da kin tambayi kowa ba. Ki maimaita irin wannan zama bayan mako biyu da wasu sababbin. In lambobi biyu ko uku suka tsaya kusa da juna, to wannan ne matsayinki.

Abu na ƙarshe, wanda babu manhajar da za ta auna miki: jarrabawar ba ta ƙare a kan kwamfuta. Akwai ɓangaren aiki, OSCE, inda za ki riƙa zagaya tashoshi, ƙararrawa na kaɗawa, malami na zaune da takarda yana kallon hannunki. Na sha ganin yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun tsaya gaban ciki ba su san inda za su fara ɗora hannu ba, ko su manta gaisuwa da neman izini kafin su yaye mayafi. Ki nemi izinin bin likitoci zagayen ɗakunan marasa lafiya a wani asibiti a garin nan, ki taɓa saifa, ki auna tsayin ciki, ki saurari ƙirji, ki ɗauki tarihin ciwo da Hausa ki gabatar da shi da Turanci ana duba agogo. In kin haye, shekara guda ta aikin horo tana jiranki, wata uku-uku a fannin manya, tiyata, yara, da mata, kuma can ma hannun ne za a duba. Ki gaida yayarku, ki ce mata ta sake shiga. Allah ya ba ku sa'a.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Tsohuwar Kasuwa, boko bai yi mini nisa ba. Yarona likita ne, yana son ya rubuta jarrabawar Amurka. Na biya masa rumbun tambayoyi na UWorld da dala, yanzu ya ce sai an ƙara AMBOSS da wasu gwaje-gwaje na NBME. Anya ba almubazzaranci ba ne? Daga wani uba a Runjin Sambo.

Amsa: Alhaji, barka kadai, Allah ya sa albarka a nema. In aljihu ba zai ɗauki duka ba, ka ba shi na NBME, ka jinkirta ɗayan.

Dalili shi ne NBME tana ɗaya daga cikin hukumomi biyu da ke shirya USMLE, wato jarrabawar lasisin likitoci ta Amurka ɗin kanta. Gwajin da take sayarwa salonsa irin na ainihin ne, kuma ita ke riƙe da sakamakon masu rubutawa, don haka tana da abin da za ta daidaita ma'auninta da shi. A matakin farko har tana gaya wa ɗalibi yiwuwar ya ci in ya shiga cikin mako guda. Ka ji sharaɗin: mako guda. Su da kansu sun san lambar tana tsufa. UWorld da AMBOSS kamfanoni ne masu zaman kansu, bayaninsu yana da kyau ƙwarai wajen koyo, amma kason da suke nunawa ya dogara da yadda yaro ya yi amfani da su, kamar yadda na yi wa ɗiyar nan bayani a sama.

Ka tambaye shi abu ɗaya: ya gama na farkon, yana karanta bayanin kowace amsa har da waɗanda ya ci? In ya gama, ƙarin rumbu na biyu ya fi masa maimaita na farko, don sababbin tambayoyi ne. In bai kai rabi ba, sayen na biyu kwantar da hankali ne kawai.

Ka kuma san wane mataki yake. Tun 26 ga Janairun 2022 matakin farko ba ya ba da maki, ci ne ko faɗuwa. Mataki na biyu ne har yanzu ke zuwa da lamba, kuma ita asibitocin can ke dubawa wajen ɗaukar masu neman horo. A na farko yana buƙatar ya wuce layin da tazara mai kyau a gwaji biyu ko uku a jere kafin ya sa rana, domin faɗuwa tana zama a takardarsa. A na biyu ne kowane maki yake da daraja, nan ya kamata kuɗin su fi tafiya.

Tambaya: Yallaɓai, ƙaninka ne a aiki, daga Arkilla. Saura kwana tara in rubuta PLAB 1, matakin farko na jarrabawar neman aikin likita a Birtaniya. Na jima ina samun 68 zuwa 72 a sababbin tambayoyi, jiya bayan na kwana a bakin aiki na yi 50 na tashi da 54. In ɗaga?

Amsa: Kada ka ɗaga saboda wannan. Tambaya 50 ce, a kan idon da bai yi barci ba, gaban ɗaruruwan da suka nuna 70. Ka huta kwana guda, sannan ka zauna awa uku cur ka yi 180 a jere, yadda GMC, hukumar likitocin Birtaniya, za ta ba ka, minti ɗaya ga kowace. Ka duba ko a 60 na ƙarshe kake zubewa. In haka ne, gajiya ce matsalarka, kuma kwana tara sun isa ka saba da dogon zama. Makin ci a PLAB 1 ba a kafe yake ba, kwamitin likitoci ne ke tsayar da shi gwargwadon wahalar kowace takarda, don haka ka daina bin lambar da wani ya faɗa a zaure. Ka tabbata rumbunka ya bi jadawalin batutuwan da GMC ke amfani da shi yanzu, kuma amsoshinsa na ƙa'idojin yanzu ne na NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila. Sannan ka roƙi abokan aiki su karɓe maka kwanan asibiti na daren ukun ƙarshe, ka rama musu in ka dawo.